Abokina ya gayyace ni ziyarar Tirumala: me ake yi a can, kuma ya dace in je?

Bazazzagi_a_Chennai

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a Chennai da ke ƙasar Indiya, kuma akwai wani abokin karatuna mabiyin addinin Hindu wanda zaman mutunci ya haɗa mu har iyayensa suka san ni. Shi da matarsa sun daɗe ba su samu haihuwa ba, sai ya yi bakance cewa idan suka samu zai hau dutsen Tirumala da ƙafa, a aske masa kai a wurin bautar Venkateswara. Yanzu an haifa masa 'ya mace, dangi suna shirin tafiya, kuma ya gayyace ni in raka su. Ina neman bayani daga waɗanda suka san wurin: me ake yi a can, shin ana barin wanda ba Hindu ba ya shiga, kuma a ganinku ya dace Musulmi ya amsa irin wannan gayyata?

Malamin_Tarihi

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da inda wurin yake, domin mutane kan cakuɗa sunaye biyu. Tirupati gari ne a gindin dutse cikin jihar Andhra Pradesh, kimanin kilomita 140 daga inda kake, Tirumala kuwa shi ne ƙaramin garin da ke saman tsaunuka bakwai na Seshachalam, a tsayin da ya kai mita 850, kuma a nan ne wurin bautar yake. Abin bautar da ke ciki suna ɗaukarsa siffa ce daga siffofin Vishnu, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, shi ya sa za ka ji wasu na ce masa Balaji, wasu Srinivasa, wasu Govinda.

Wurin ya tsufa ƙwarai. Rubutun da ke jikin bangonsa ya nuna cewa a shekarar 966 wata sarauniya mai suna Samavai ta ba da kyautar gunkin azurfa wanda har yau ake amfani da shi. Ana jingina tsara hidimar wurin ga Ramanuja, babban malaminsu na ƙarni na 11 zuwa na 12. Sarkin daular Vijayanagara ta kudancin Indiya, Krishnadevaraya, ya je ziyara sau bakwai a farkon ƙarni na 16, ya zuba dukiya mai yawa, kuma mutum-mutuminsa da na matansa biyu suna nan kusa da ƙofar shiga. Tun 1933 wata hukuma ce da ake kira TTD, wato Tirumala Tirupati Devasthanams, take tafiyar da wurin, kuma a ranakun da babu biki ma mutanen da ke shiga sukan kai dubu 60 zuwa dubu 80.

Dan_Gusau

Ni ban ga abin da ake neman bayani a kansa ba. Ɗakin gumaka ne, kai kuma karatu aka tura ka. Ka yi wa abokinka barka, ka kai wa jaririya riga, ka zauna a ɗakinka.

Hajiya_Mai_Jinya

Ƙanina Dan_Gusau, a yi haƙuri a bar yaro ya ji bayani tukuna, domin wanda ya yi tambaya bai ce ya tafi ba. Lokacin da na yi jinyar maigidana a Chennai mun bi ta tashar jirgin ƙasa ta Tirupati, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yawan masu ƙwal kwabo: maza, yara, tsofaffi, har da 'yan mata da matan aure, an shafa musu wani ƙullu mai ruwan ɗorawa a kai domin sanyaya fata. Duk wanda ya zauna da matan kudancin Indiya ya san yadda suke tattalin gashinsu, suna shafa masa man kwakwa suna kitse shi har gadon baya, saboda haka macen da ta yarda aka aske nata ta ba da abu mafi tsada a wurinta. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa ita ma ta yi hakan lokacin da ɗanta ya warke daga rashin lafiya, kuma ba ta yi nadama ba.

Injiniya_Bengaluru

Na yi aiki a Bengaluru, kuma na taɓa raka abokan aikina har saman dutsen, don haka zan amsa tambaya ta biyu kai tsaye. Ana barin wanda ba Hindu ba ya shiga, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne gundarin maganar. Kafin ka shiga layin ganin gunkin sai ka sa hannu a wata takarda wadda a cikinta za ka faɗi addininka, sannan ka bayyana cewa ka yi imani da Venkateswara kuma kana girmama shi da bautar da ake yi masa. 'Yan ƙasar suna nuna katin shaidarsu, baƙo kuma yana nuna fasfo, saboda haka sunanka kaɗai ya isa a miƙo maka takardar. Da na karanta ta sai na mayar musu cikin ladabi, na ce zan jira a waje, kuma babu wanda ya tsangwame ni. Abokan nawa ma ba su san da ita ba, domin su ba a taɓa miƙa musu ba, kuma ina kyautata zaton abokin Bazazzagi_a_Chennai shi ma bai sani ba.

Sarkin_Yawo

Ai dama duk wuraren bautar Hindu haka suke, ba sa barin baƙo ya wuce ƙofa.

Malamin_Tarihi

Ba haka ba ne, Sarkin_Yawo, kowane wuri da ƙa'idarsa. Wurin bautar Jagannath da ke Puri a jihar Odisha ba ya barin wanda ba Hindu ba ko da zai sa hannu a takarda goma, har Indira Gandhi an hana ta shiga a 1984 tana firaminista, saboda mijinta ba Hindu ba ne. Guruvayur a jihar Kerala ma haka yake. A Madurai kuwa ana barin baƙo ya zaga farfajiya da zaurukan wurin bautar Meenakshi, can ciki ne kawai ake tsayar da shi, sannan akwai dubban ƙananan wurare da babu mai tambayar addininka. Tirumala ya ɗauki hanya ta tsakiya, ya bar ƙofa a buɗe amma ya ce sai mai imani. Maganar takardar nan har siyasa ta shiga: a watan Satumba na 2024 tsohon babban ministan jihar Andhra Pradesh, Jagan Mohan Reddy, wanda Kirista ne, ya fasa ziyarar da ya shirya bayan an taso shi gaba cewa dole ya sa hannu.

Likita_Vellore

Bari in ba da abin da na sani game da cikin wurin, kamar yadda abokan zamana na ɗaki suka sha ba ni labari, domin Vellore ba ta da nisa da can kuma duk hutu sai wani ya je. Abin da ke kai su shi ne abin da suke kira darshan, wato tsayawa gaban gunkin a gan shi ido da ido. Akwai layin kyauta, akwai kuma na tikitin rufi 300 na kuɗin Indiya wanda ake saya ta intanet tun da watanni. Masu layin kyauta ana tara su a wani katafaren gini mai ɗakuna da yawa da ake kira Vaikuntam, a rufe ɗaki har sai an zo kansa, ana raba musu madara da abinci, kuma a lokacin cunkoso jiran kan cinye yini da dare. Ana karɓe waya da takalmi tun a waje. Duk tsawon hanyar jama'a na ɗaga murya suna cewa "Govinda, Govinda", kuma suka ce ƙarar tana ƙaruwa yayin da ake matsowa kusa da hasumiyar da aka lulluɓe da zinari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen wannan doguwar jira. Gunkin baƙin dutse ne a tsaye cikin ɗaki mai duhu da fitilun mai, an rufe shi da furanni da gwala-gwalai, an shafa masa farin kafur a goshi har ya kusan rufe idanunsa, kuma mutum ba ya samun fiye da 'yan daƙiƙu a gabansa, domin ma'aikata na jan hannun mutane suna cewa "jaragandi", wato a matsa gaba da harshen Telugu. Daga nan sai a zuba maka ruwan tsarki a tafin hannu ka sha, a ɗora maka wata hular ƙarfe a ka na ɗan lokaci, alamar ƙafafun abin bautar. Ina faɗin wannan dalla-dalla ne domin a gane cewa layin ba shi da gefen 'yan kallo. Wanda ya shiga, abin da ake yi wa kowa shi za a yi masa.

Ummu_Hanifa

Askin nan ya tuna mini da wanda alhazai ke yi a Mina bayan jifa. Ko akwai alaƙa tsakaninsu?

Dan_Gusau

Malama, don Allah a daina haɗa aikin Hajji da wannan. Wancan umarnin Allah ne, wannan kuwa tatsuniya ce.

Malamin_Tarihi

Babu alaƙa ta tarihi, Malama Ummu_Hanifa, kowanne da tushensa. Su a wurinsu askin alama ce ta ajiye girman kai da cika alkawari, kuma suna da labarin da suke kafa shi a kai: wai an taɓa ji wa Venkateswara rauni a ka har gashin wurin ya zube, sai wata gimbiya mai suna Neela Devi ta yanko nata ta rufe masa, shi kuma ya yi alkawarin cewa gashin duk mai ziyara nata ne. Ana yin askin kyauta a wani gini da ake kira Kalyanakatta, inda ɗaruruwan wanzamai maza da mata ke aiki dare da rana, kowane mai aski a ba shi sabuwar reza. Kai kuma Dan_Gusau, kana da damar ƙin yarda da abin da suke yi, ni ma ban yarda da shi ba, amma ka tuna aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, kuma abokin yaron nan mutum ne da ya yi masa karamci.

Yar_Kasuwa_Legas

Tunda an zo maganar gashi, ni nan sana'ata ce. Hukumar wurin tana tara gashin, ta ware shi daki-daki bisa tsayi da launi, ta yi gwanjonsa ga kamfanoni, su kuma su wanke su gyara su fitar da shi ƙasashen waje. Dogon gashin mata da aka aske lokaci ɗaya shi ne mafi tsada, domin duk silin yana fuskantar gefe guda, ba ya cukurkuɗewa. Wani kaso nasa yana ƙarewa a kasuwanninmu a matsayin gashin kanti, ko da yake yawancin abin da ake sayarwa da sunan gashin Indiya tsintar bakin mataji ne da aka sarrafa a ƙasar Sin. Ina yawan tunanin cewa matar da ta ba da nata saboda ɗanta ya warke ba ta karɓi ko sisi ba, alhali wata a nan ta biya kuɗin da ya kai albashin wata a kansa.

Sarkin_Yawo

To ashe kasuwanci ne kawai aka lulluɓe da addini. Na ji an ce babu wurin bautar da ya kai shi kuɗi.

Injiniya_Bengaluru

Kuɗi kam akwai. Bayan an fito daga wurin gunkin akwai wani babban asusu da suke kira hundi, inda ake jefa kuɗi da sarƙoƙi da awarwaro, kuma a 2022 hukumar da kanta ta bayyana cewa tana da zinari fiye da tan 10 a bankuna. Dalilin da suke bayarwa shi ne wai Venkateswara ya ci bashi a wurin Kubera, mai kula da dukiya a imaninsu, domin auren Padmavati, kuma masu ziyara suna taya shi biya. Sai dai adalci ne a faɗi abin da ido ya gani. Tun 1985 ake ciyar da masu ziyara kyauta, kuma na shiga zauren cin abincin da ke ɗauke da sunan Tarigonda Vengamamba, inda ake zaunar da dubban mutane a jere a zuba musu shinkafa da miya har su ƙoshi ba tare da an tambayi kowa ko shi wane ne ba. Hukumar tana da asibitoci da makarantu a Tirupati, akwai motocin kyauta a saman dutsen, kuma tsaftar wurin ta fi ta biranen da na zauna a ƙasar. Ana iya sukar yadda mai kuɗi da mai muƙami ke tsallake layi, su kansu 'yan ƙasar suna suka, amma cewa kasuwanci ne kawai bai yi daidai da abin da na gani a fuskokin tsofaffin da ke hawa matakala ba.

Bazazzagi_a_Chennai

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Maganar takarda ta warware mini rabin tambayar, domin ba zan sa hannu a kan abin da ban yi imani da shi ba, kuma ba zan yi musu ƙarya don in ga wuri ba. Abin da ya rage shi ne hawan dutsen da kansa. Idan na raka su a matakala na tsaya a waje, akwai laifi? Sannan na san idan sun dawo za su kawo mini laddu, wanda ko a makaranta ana raba shi duk lokacin da wani ya je can.

Bulus_Wusasa

Ɗan'uwa, ni Kirista ne kuma na yi karatu a Hyderabad, don haka na sha fuskantar maganar laddu. Dunƙulen zaƙi ne da ake yi da garin wani nau'in wake, da sukari, da man shanu, da zabibi da ƙwallon yazawa, a wani ɗakin girki na cikin wurin da ake kira Potu, kuma suna yin kimanin dubu 300 a rana. Tun 2009 aka yi masa rajista ta yadda babu wanda zai sayar da nasa da sunan na Tirupati. A wurinsu abinci ne da aka gabatar wa abin bauta sannan aka raba albarkarsa, shi ya sa ƙasar ta girgiza a 2024 lokacin da babban ministan jihar Andhra Pradesh, Chandrababu Naidu, ya yi zargin cewa an gauraya man shanun da kitsen dabba, har Kotun Ƙoli ta sa aka kafa kwamitin bincike. Mu ma muna da dogon bayani a kan abincin da aka miƙa wa gumaka a 1 Korantiyawa sura ta 8, kuma Kiristoci sun rabu a kai. Abin da na riƙa yi shi ne in karɓa da hannun dama in yi godiya, in gaya wa mai bayarwa gaskiya cewa ba na ci, sai in miƙa wa wani abokinmu Hindu a gabansa. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, abin da ke ɓata musu rai shi ne a jefar da shi.

Almajirin_Malam

A kan hukunci, malaman fiƙihu sun yi saɓani game da shiga wuraren bautar wasu addinai: akwai waɗanda suka haramta, akwai waɗanda suka karhanta saboda gumaka da hotunan da ke ciki, akwai kuma waɗanda suka halatta idan da buƙata kuma ba a shiga cikin ibadar ba. Amma ina so a lura da abin da mai tambaya ya faɗa tun farko, cewa hawan da ƙafa shi ne bakancen. Ke nan matakalar ma wurin ibada ce a wurinsu, rakiya a kanta kuma ta fi kusa da taya cika bakance fiye da yawon buɗe ido. Shawarata ita ce ya kai tambayar gaban malamin da ya yarda da iliminsa, ya kuma zayyana masa komai yadda aka zayyana a nan.

Likita_Vellore

Almajirin_Malam ya faɗi gaskiya game da matakalar. Hanyar Alipiri, wadda ke farawa daga gindin dutsen, tana da matakala kusan 3,550, tafiyar awa uku zuwa biyar, kuma yawanci ba a hawa da takalmi. Za ka ga mata sun duƙa suna shafa kurkum da jan gari a kan kowace matakala ɗaya bayan ɗaya, wasu suna kunna kafur, wasu ma da gwiwa suke hawa wani sashe. Akwai gajeriyar hanya ta Srivari Mettu mai matakala kusan 2,400, akwai kuma hanyar mota. Dajin na da namun daji: a watan Agusta na 2023 damisa ta kashe wata yarinya 'yar shekara shida a hanyar Alipiri, har aka koma raba wa masu hawa sanduna ana tafiya rukuni-rukuni. A guji kuma kwanakin manyan bukukuwa, irin Brahmotsavam na kwana tara da ake yi wajen Satumba ko Oktoba. A ranar 8 ga Janairu 2025 mutum shida suka rasu a turmutsitsin karɓar tikiti a cikin garin Tirupati, gab da wani bikin nasu.

Hajiya_Mai_Jinya

Babu wanda ya yi maganar sallah, ita ce kuwa ta fi damuna. Ɗana, idan ka hau tun asuba ka wuni a can, a ina za ka yi azahar da la'asar?

Injiniya_Bengaluru

Hajiya ta taɓo inda yake da wuya. Babu masallaci a saman dutsen, doka ta hana yaɗa wani addini a can, kuma shimfiɗa darduma a fili na iya jawo rigimar da baƙo ba zai iya fita daga cikinta ba. A shingen Alipiri ana binciken kaya, ana hana nama da giya da taba, ana kuma tsayar da motar da ke ɗauke da alamar wani addini. Ni da mota na hau bayan sallar asuba, na sauko kafin la'asar na yi sallolina a masallaci cikin garin Tirupati. Wanda zai hau da ƙafa tare da dangi masu jaririya ba shi da wannan iko a kan lokacinsa.

Malamin_Tarihi

Ga wanda ilimi yake nema, akwai abin koyi. Al-Biruni, malamin Musulmi, ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta bayanin addininsu wajen shekarar 1030 cikin adalci, bai kuwa bar nasa addinin ba. Su ma Musulmin yankin ba bakinsu ɗaya ba: a garin Kadapa akwai iyalan Musulmi da ke zuwa wurin bautar Venkateswara na garinsu ranar sabuwar shekarar Telugu, saboda wani labari da ke cewa ya auri wata Musulma mai suna Bibi Nancharamma, don haka suna ɗaukarsa suruki, wasu Musulmin kuma suna ƙyamar hakan.

Dan_Gusau

Malam, da girmamawa, Al-Biruni bai raka kowa cika bakance ba. Ina nan a kan bakana.

Ummu_Hanifa

Ni kuma a ganina ya bi su har Tirupati, ya ci abinci da dangin, ya ɗauki jaririyar, ya jira su a gindin dutse. Gayyatar don zumunci aka yi ta, kuma zumuncin ba sai a saman dutse ake yin sa ba.

Likita_Vellore

Akwai abin da zai iya sauya lissafin gaba ɗaya. Iyayen jaririn da bai kai shekara ɗaya ba suna da ƙofa ta musamman da ake kira Supatham, wadda ke rage musu jira, amma uwa da uba da jaririn aka yi wa ita, kuma sai an nuna takardar haihuwa. Da wuya kuma mai jego ta hau matakala, mai yiwuwa da mota za a kai ta tare da tsofaffin gidan. Saboda haka dangin za su rabu gida biyu ko uku tun daga Alipiri. Bazazzagi_a_Chennai, ka tambayi abokinka wa zai hau da ƙafa, wa zai bi mota, ko za su kwana a sama, sannan ka gaya masa maganar takardar tun kafin ya saya maka tikiti, domin da sunan da ke fasfo ake sayensa kuma ba a mayar da kuɗi.